Kawuna Mai Injin Dashe a Bayan Zana

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ana tsakiyar dashen shinkafar rani, lokacin da duk wanda ya zo gaisuwa za ka ga busasshen taɓo a ƙafar wandonsa. Da aka fita da shi maza suka bi gawa, mu mata muka zauna a tsakar gida. Ina kusa da Umma, mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage a cikin ƙannensa, ina riƙe da hannunta. A wannan zaman na ji maganar da ta hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan.

Wasu mata biyu ne a bayana, cikin waɗanda suka zo daga wajen Bunkure. Ɗaya ta sunkuyo ta ce da 'yar'uwarta, "Wai ya yafe wa babban ɗan nasa kuwa kafin ya cika?"

"Oho," in ji ɗayar. "An dai ga sun koma magana. Amma mutumin nan wa ya taɓa sanin cikinsa?"

Ta farkon ta ƙara rage murya. "Ga wadda ta haɗa su faɗa nan a gabanki. Mai kwamfutar."

Na ji su sarai. Ban waiwaya ba, amma kunnuwana sun ɗauki zafi, kuma da ba gidan makoki ba ne da sun ji ta bakina.

A ƙofar gida ma, kamar yadda aka ba ni labari, ba a tsira ba. Wani mai walda na Kura ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce shi dai shekara da shekaru yana yi wa mamacin aiki, amma har yau bai san abin da yake haɗawa ba. Aka yi dariya, aka tuna inda ake, aka koma "Allah ya jiƙansa". Yaya kuwa, babban ɗan Kawu, yana zaune yana karɓar gaisuwa, kowa ya miƙa masa hannu sai ya ɗan tsaya yana leƙen fuskarsa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san nauyin a ce uba ya tafi da fushin ɗansa a zuciya. A bayan mutum ake yin irin wannan maganar, kuma tana iya bin sa har 'ya'yansa su girma su ji. Na ga yadda Yaya ya rame a 'yan kwanakin nan, na kuma san ramar ba ta rashi kaɗai ba ce.

Don haka zan faɗi wane ne Kawu, saboda kada a manta da shi, zan kuma faɗi abin da na gani da idona a kan wannan magana. Inda zato nake yi zan ce zato ne.

Kawu bakaniken injin ban ruwa ne. Rumfarsa tana bakin babban kanal ɗin ban ruwa, inda hanyar gonaki ta rabu da titin Kura, kuma da wuya a sami manomin rani a yankin da injinsa bai taɓa kwana a can ba. Hannunsa yana da kyau, wannan ba mai musu. Kaiwa ga hannun ne aiki. In ka yi masa sallama da fara'a da yawa, sai ya ajiye sifana ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wa ya aiko ka?" In ka zo a murtuke ya ce ka zo da wata a ƙasa. In rediyo ta ce za a yi ruwa, sai ya fito ya dubi sama ya ce, "Za mu ga mai ƙarya a cikinku." Wayarsa kuwa, in za a yi maganar aiki, cikin gwangwanin madara yake jefa ta ya rufe, wai ba ya son mai kunne ba fuska. Inna, matarsa, takan ce tun tana amarya har ta yi jikoki bai taɓa kai loma baki ba sai ya shinshina miya ya tambayi me aka ƙara.

Masu kare shi suna cewa cuta aka yi masa yana saurayi: ya yi wa injin casar shinkafa wata dabara, ya nuna wa aboki, kaka na zagayowa ya ga dabarar a kasuwa da sunan wani. Umma takan taɓe baki ta ce a bar wannan labarin. Ta ce tun suna yara, in ya ƙera motar kara, ƙarƙashin rumbu yake tura ta, ya share sawunsa da reshe.

Amma kada a ɗauka mugu ne. Akwai wani maƙwabcinsa na gona da suka daɗe suna rigima, Kawu ya haƙiƙance mutumin yana matso da iyaka kaɗan-kaɗan duk shekara. Wani rani injin mutumin ya mutu murus, tumatir ya fara fure, rana tana dukansa. Ba wanda ya roƙi Kawu. Shi ya ɗora nasa injin a babur, ya kai, ya haɗa tiyo, ya tayar. Sannan ya shimfiɗa buhu ya zauna tun hantsi har la'asar yana gadi, wai kada a canja masa fulogi. Mutumin ya zo godiya har da ƙwalla, Kawu ya ce, "Riƙe godiyarka, ka mayar min da iyakata." Washegari ya sake kai injin. Haka ya yi ta yi har tumatirin ya nuna, tasa albasar tana jiran layi.

Ni "Uwata" yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa min. Hakan bai sa na tsira ba. Da na ce zan karanta aikin injiniya, ya tambayi wanda ya zuga ni. Da na gama na fara koyarwa a Kano, ya ce ai dama masu koyarwa su ne waɗanda ba a yarda su taɓa inji ba.

Babban sirrinsa yana bayan rumfar, a wani ɗan ɗaki na zana mai ƙofar kwano da kwaɗo. Injin dashen shinkafa yake ƙerawa a ciki. Sau ɗaya tak na ji dalili daga bakinsa. Ya ce mahaifiyarsu ta ƙare rayuwarta a duƙe cikin taɓo tana dashe a gonakin mutane, har bayanta ya ƙi miƙewa ko a sallah, shi kuma ya ƙudura a ransa ƙarfe ne zai riƙa yin wannan duƙawar. Yana gama faɗa ya sha mur, sai ka ce ƙwatar maganar na yi daga bakinsa.

Yadda yake aikin shi ne abin da mai waldar nan ya tuna a makoki. Kawu ba ya ba mutum ɗaya sassa biyu masu haɗuwa. Wannan sanda a yanka ta a Kura, abokiyarta a huda ta a Bunkure, ƙafa mai haƙora a kai Kano. Kuma a cikin kowane aiki sai ya cusa wani ƙarfe da ba ya cikin injin sam, don in mai aikin ya zauna lissafi ya ɓata. Shi kaɗai yake haɗawa, a bayan zana, ya rufe da tamfol. Yaya ne kawai yake riƙe da makulli na biyu, saboda shara da ɗaga ƙarfe mai nauyi, shi ma da sharaɗin kada ya ɗaga tamfol sai an ce.

Injin yana juyawa. Yana da hannu mai yatsu biyu da zai tsinko irin shinkafa daga faranti, ya sauka ya soka a taɓo, ya taso ya koma ya tsinko wani. Matsalar ita ce wajen tasowa sai ya kwantar da irin, ko ya tumɓuko shi gaba ɗaya. Kawu ya yi ta sauya wannan yana rage wancan, har ido ya fara hazo, hannu ya fara rawa. Umma ta ce masa ga 'yarka nan, aikinta ke nan. Ya yi kamar bai ji ba har damina ta wuce. Sannan rannan ya aiko wai in zo da "allon nan nawa", wato kwamfutata.

Ga wanda bai sani ba, abin da nake yi a kwamfuta ba tsafi ba ne. Akwai manhajar da muke zana sassan inji a cikinta, kowane sashe da tsawonsa da kaurinsa da inda aka huda shi. In an gama sai a harhaɗa su, a gaya mata nan gaɓa ce mai juyawa, nan a kafe yake, wannan yana zamewa a cikin wancan. Sannan a ce ta juya ƙafar. Sai ka ga injin yana motsi a fuskar kwamfuta tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba, har ta ja maka layi a duk inda bakin yatsun ya bi. In wani sashe zai daki wani, ko hannu zai cije, za ta tsaya ta nuna wurin da ja. Na yi wa Kawu wannan bayanin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ita kuma wa take gaya wa?"

Sai da na jefa wayata a gwangwanin madara tare da tasa. Sai da na zauna yadda zai riƙa ganin fuskar kwamfutar, ni kuma na ba ɗakin zana baya. Injin kuwa ba zan gan shi ba. Sashe ɗaya zai fito da shi a naɗe cikin buhu, in auna, in zana, ya mayar, ya kulle, ya fito da wani. Duk ƙarshen mako haka muke yi. Akwai ranar da na ɓata safiya guda a kan wani lanƙwasasshen ƙarfe, na yi ta juya shi ina neman inda zai shiga, sai da aka kira azahar ya ce, ko kunya babu, "Wannan na injin markaɗen Innarki ne. So nake na ga ko za ki ce ya shiga."

Sanda guda ce ya ƙi fitowa da ita, wadda take haɗa ƙafar da ke juyawa da hannun dashen. Ita ce zuciyar abin, ya sani, na sani. Ya ce ta yi tsatsa a jiki ba ta fita, ya faɗa min tsawonta da baki. Na sa, na ce kwamfuta ta juya. Hannun ya taso, ya ɗan karkata, ya cije, wurin ya yi ja.

Na koma Kano ina zargin kaina. Na sake bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, na zargi manhajar, na zargi tef ɗin awo. Sai daga baya na tuna da wa nake aiki. Da wannan tsawon da ya ba ni injin ba zai taɓa zagayawa ba, alhali ni kaina na sha jin sa yana juyawa a bayan zana. Sai na bar sauran sassan yadda suke, na riƙa ƙara wa sandar tsawo kaɗan-kaɗan ina juyawa, har ta daina cijewa, har yatsun suka riƙa kaiwa faranti suna kuma kaiwa ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai, na ƙagu Asabar ta yi.

Ranar Asabar na buɗe masa. Ƙafa ta juya, hannu ya tashi, ya tsinko, ya sauka, ya taso, layi yana bin bakin yatsun yana zana wani abu mai kama da ƙwayar wake. Kawu ya matso har tabarau ɗinsa ya kusa taɓa gilashin. Hannunsa na dama ya tashi da kansa yana bin motsin. "Sake," ya ce. Na sake. "Rage mata gudu." Na rage. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba, har na ce a raina yau dai na shiga.

Sai ya ce, "Sandar nan, nawa kika sa ta?"

Na ja tef na nuna masa. Na ce, "Kawu, wanda ka ba ni ba zai yi ba. Dole tana wajen nan."

Ya daɗe yana duban tef ɗin. Ina kallo fuskar ta ɗaure.

"Wa ya auna miki?"

"Ba kowa. Ita ta nuna."

"Allo ba shi da ido, ba shi da ƙafa, bai shiga ɗakina ba. Wa ya auna miki?"

Daidai lokacin Yaya ya shigo rumfar da kwanon abinci. Ni da Yaya taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, kuma shi yake ɗauko ni daga tasha a babur. Ya leƙo ya ga abu yana juyawa, ya ce cikin wasa, "A'a, Injiniya, ashe kin gano ta!"

Kawu ya juya ya dube shi. "Kai ne."

"Ni ne me, Baba?"

"Kai ka ɗaga min tamfol. Kai ka auna ka ba ta."

Yaya ya ajiye kwanon ya durƙusa. "Wallahi, Baba..."

"Kada ka rantse min. Kawo makullin. Kuma kada ƙafarka ta ƙara taka rumfar nan."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na mayar da sandar gajeriya na nuna masa ta cije, na ƙara mata na nuna masa ta saki. Ya ce ai wanda ya san amsa yana iya yin kamar yana nema.

Fushin ya daɗe, ya cinye ƙarshen rani ya shiga damina. Kullum da safe Yaya zai zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifinsa ya gaishe shi, Kawu ya ƙara wa rediyo murya. In matar Yaya ta aiko da abinci, a mayar da kwanon yadda ya zo. Liman ya yi magana, Kawu ya tambaye shi wa ya kai masa ƙara. Umma ta yi kuka a gabansa, ya ce dama ita ta kawo shawarar. Yaya, wanda bai san wata sana'a ba sai ta ubansa, ya koma ɗaukar buhu a injin gyaran shinkafa. Ana cikin haka ƙafafun Kawu suka fara kumbura, tari ya kama shi, a asibiti aka ce zuciya ce. Tsoro ya kama mu duka, kuma kowa ya san tsoron me ne.

Ni haushi ne ya fi yawa a raina. Wata Asabar na shiga ɗakinsa, ban ko zauna ba na ce, "Kawu, kai ka ba ni awon ƙarya. Gaskiya ta fito, ka kama wanda ba ruwansa. In ka tafi a haka, yaya kake so Yaya ya yi da ransa?"

Inna ta dafe ƙirji. Kawu ya dube ni ta saman tabarau. "Wadda kika ci sunanta ma ba ta yi min wannan tsawar ba."

"Da tana nan da ta yi."

Ya ja numfashi da ƙyar, ya ce, "Kin ce allon da kansa ya gano."

"Da kansa."

"To, zai sake ganowa a gabana. In ya gano, na yarda. In bai gano ba, kada wanda ya ƙara kawo min maganar yaron nan."

Ya shirya abin yadda ya saba shirya komai. Washegari ya sa Inna ta aiki Yaya Dawakin Kudu tun da safe, kan wani saƙo mara kai, don kada a ce ya leƙa. Ya sa aka kawo masa sillen kara da ƙayar aduwa da reza, ya kulle kansa a ɗaki. Da hantsi ya fito yana dafa bango, da wani ɗan falanki a hannu. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ni da Umma da Inna muka zauna.

A kan falankin ya kafa sanduna biyu na kara, ƙarama da doguwa, ƙaya ce gaɓoɓinsu. Ya ajiye ƙwallon dabino biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce in an juya ƙaramar, bakin doguwar zai taɓa wannan ƙwallon ya sauko ya taɓa wancan. Sandar da take haɗa su ya cire ta, ya yanki sille daidai tsawonta daga ƙaya zuwa ƙaya, yana nan cikin aljihun rigarsa. Ya turo min reza da kara. "Tambayi allonki, ki yanko min ita."

Na auna, na zana, na haɗa gaɓoɓi. Na juya. Kwamfuta ta ba ni amsar da nake tsoro. Ƙwallon dabino yana da faɗi, ƙaya tana da wasa a cikin kara, don haka tsawon da zai yi ba ɗaya ba ne. Daga nan zuwa nan duk zai taɓa, kuma tazarar ta kai faɗin ɗan yatsa. Na gaya masa.

"Guda ɗaya na yanka," in ji shi. "Guda ɗaya za ki yanka."

Na dubi Umma, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Albarkar uba ce take reto a kan faɗin yatsa, kuma ni ce mai reza. Na zaɓi tsakiya, na yi bismillah, na yanka, na ajiye a tabarma a gabansa.

Ya daɗe yana kallon sillen nawa, hannunsa yana cikin aljihu. Sai tari ya sarƙe shi, mai tsawo, har ya duƙa. Inna ta tashi da sauri ɗebo ruwa, Umma tana bubbuga bayansa. Da ya lafa ya sha ruwa, ya zaro nasa sillen ya ajiye a jikin nawa, ya danne kansu ɗaya da yatsa. Sun yi daidai. Umma ta yi kabbara, Inna ta saki kofin. Kafin in miƙa hannu ya ɗauke nasa ya mayar aljihu.

"To," ya ce. "Ashe allon nan ɓarawo ne mai zaman kansa, ba ya neman ɗan rakiya." Ya juya wajen Inna. "In yaron nan ya dawo, a ce ina da ƙarfen da za a ɗaga."

Bayan la'asar Yaya ya dawo, ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kullum, yana jiran ƙarar rediyo. Kawu ya amsa. Ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi ko ya ci abinci, ya jefa masa makulli a cinya. Sannan ya ce, yana kallon gefe, da murya irin ta faɗa, "Allah ya yi maka albarka. Tashi ka ba ni wuri." Ina tsaye a bakin ƙofa, da kunnena na ji. Yaya ya fito ya jingina da bango ya yi kuka kamar ba magidanci ba.

Watannin da suka rage masa mun yi su mu uku a rumfa. Bai taɓa yaye tamfol ɗin duka a gabana ba, amma ya bari na ga hannun dashen. Da na sa injin ya riƙa tafiya gaba a cikin kwamfuta yana dashe, sai layin ya nuna yatsun suna jan ƙasa wajen tasowa, muka sauya ƙafa mai haƙora. An gwada a gonarsa farkon wannan ranin. Wasu layukan sun tsaya, wasu sun kwanta. Shi yana kan kujera a bakin gona, rabin hankalinsa a kan shinkafa, rabi a kan mutanen da suka tsaya kallo. Injin bai kammalu ba, yana nan a hannun Yaya.

Abin da mutane suke tambaya, wanda na san Yaya ma yana tambayar kansa, shi ne ko yafiyar ta kai zuci, ko kuwa kwamfuta ce ta ɗaure tsoho da alkawarinsa ya rasa yadda zai yi. Yaya ya taɓa ce min, "Da allonki ya kuskure fa? Da haka zai tafi ya bar ni." Ban ba shi amsa ba a lokacin, saboda an hana ni.

Ranar gwajin sille, da aka kama Kawu aka shigar da shi ɗaki, ni na tsaya naɗe tabarma. A daidai inda ya zauna na ga wani ɗan guntun sille, bai fi farce ba. Gefe ɗaya sumul, yankan reza. Ɗaya gefen a tsattsage, fari fat, irin karyawar da ake yi da babban yatsa. Ni a can gefe na yi nawa yankan, kuma da reza na yi. A nan na tuna cewa a tsakiyar tarin nan na ji wani ɗan ƙas, na ɗauka carbin Umma ne.

Ina tsugune da guntun a tafin hannuna na ji muryarsa ta taga.

"Uwata, me kika tsinta?"

"Ba komai, Kawu."

"To, zubar. In na tafi kya yi surutunki."

Ban ga abin da hannunsa ya yi a cikin aljihu ba, kuma jininsa ne a jikina, ba na rasa zargi. Amma na san yankan reza, na san karyawar yatsa. Yaya, ga amsarka: sillena ya gaza tsawo. Allona ya kuskure. Mahaifinka ya ga haka sarai, ya bari tari ya rufe masa, ya karya nasa ya daidaita da nawa. Shi ya kafa gwajin, shi kuma ya yi maguɗi a ciki, don ya sami bakin da zai kira ka da shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna da Umma haƙuri. Wannan maguɗin kuma, Allah ya sa shi a cikin ayyukansa na alheri. Amin.